Yadda za ka hana waya raba maka hankali ba tare da ka ɓata da mutane ba

Abinda ya sa na fara bin diddigin maganar nan naira dubu 27 ce. Ina zaune a shagon kawuna bayan la'asar zan tura ma wani mai kawo mana taliya kuɗinsa, 58,000 ne a takarda, na buɗe manhajar banki na sa lambar akawun, sai ga saƙo ya faɗo daga saman sikirin, guruf ɗin 'yan ajinmu ne wani ya turo shirme, ban ma buɗe ba wallahi, idona ne kawai ya je ya dawo, na rubuta 85,000 na danna. Sai da dare wajen rufe lissafi muka ga giɓin. Allah ya sa mutumin kirki ne ya dawo da ragowar bayan kwana biyu, amma kallon da kawu ya min a daren nan har yau ban manta ba, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "wayar nan dai, wayar nan dai" ya kulle durowa.

Daga baya na ci karo da wani bincike da ya ba ni haushi don kamar ni aka zauna aka kalla. Wani malami a jami'ar jihar Michigan ta Amurka, Erik Altmann, da abokan aikinsa sun sa mutum 300 wani aiki mai matakai a jere a kwamfuta, sai su riƙa katse su na ɗan lokaci kaɗan. Katsewar da ba ta wuce daƙiƙa 2.8 ba ta ninka kuskuren da mutane ke yi sau biyu, ta daƙiƙa 4.4 kuwa sau uku. A 2014 suka fitar da shi. Daƙiƙa uku fa kacal. Toh daga nan na shiga karance-karance, kuma abinda zan jero a nan shi ne yadda na bi na gyara tawa wayar, mataki bayan mataki, haɗe da inda na yi kuskure don kar ka maimaita.

Matakin farko ka ƙirga, kar ka taɓa komai tukuna. Kwana uku kacal. Idan Android ce da kai ka shiga setin ka nemi Digital Wellbeing, yawancin Tecno da Infinix da Samsung na yanzu suna da shi, idan iPhone ce Screen Time sunansa, a ciki za ka ga sau nawa waya ta sanar da kai abu a rana da kuma sau nawa ka buɗe ta da wace manhaja ce ta fi damunka. Wanda tasa ba ta da shi ya samu biro da 'yar takarda ya riƙa jan layi duk sanda ya ɗauki waya, ya ware wanda ita ta kira shi da wanda shi ya je da kansa, wannan rabewar za ta yi amfani nan gaba. A 2014 Martin Pielot da abokansa na sashen bincike na kamfanin Telefónica a Barcelona sun bi mutum 15 na sati ɗaya, suka ga kowa na samun kimanin sanarwa 63 da ɗoriya a rana kuma yawanci cikin 'yan mintuna ake dubawa, ko wayar tana sailent ko ba ta. Wannan fa shekaru sama da goma da suka wuce kenan, kafin kowane dangi da kowane aji da kowace unguwa su buɗe guruf. Ni da na duba tawa na ga ta haura 300 a rana ɗaya ta Juma'a, kusan rabi hoton Juma'at Mubarak ne da amin amin.

Kana ƙirgawa ka lura da wani abu, wato saurin da kake amsawa. Tun zamanin hira ta kwamfuta, kafin WhatsApp, Daniel Avrahami da Scott Hudson na jami'ar Carnegie Mellon suka tattara saƙonni sama da dubu 90 a 2006, suka ga rabinsu an amsa su cikin daƙiƙa 15, kashi 92 cikin ɗari kuma cikin minti biyar. Ma'ana mutum baya barin saƙo ya kwana, da ya shigo ake cafkewa, ba wai don yana da muhimmanci ba, hannu ne ya saba. Ka gwada kanka ka gani, saƙon "ya kake" ma sai ka tsinci kanka ka ajiye cokali ka amsa.

Mataki na biyu shi ne inda aikin yake, kuma ba a cikin setin ake fara shi ba, a takarda ake farawa. Ka rubuta sunayen mutanen da idan suka neme ka dole ka sani a take. Kar su wuce biyar zuwa bakwai. Nawa su ne Hajiyarmu, mai ɗakina, kawu, yayana da malamin islamiyyar yara. Shikenan. Za ka ji zuciyarka na cewa ai wane ma, ai wance ma, ka danne, duk wanda ka ƙara a nan ka ba shi lasisin tsinka maka aiki ne. Kaso na biyu su ne waɗanda saƙonsu ke da amfani amma zai iya jira awa biyu ko uku, kwastomomi na yau da kullum, abokan aiki, guruf ɗin dangi. Kaso na uku kuwa duk sauran tarkace, guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, na siyasa, na ƙwallo, Facebook da TikTok masu cewa wane ya yi sabon bidiyo, wasannin waya masu tuna maka ka dawo, manhajojin bashi da na siyayya.

Wannan rabon ba son kai bane, bincike ma haka ya nuna. Tun shekarar 2000 Mary Czerwinski da Edward Cutrell da Eric Horvitz na Microsoft suka gwada tura ma mutane saƙo suna tsakiyar neman abu a kwamfuta, suka ga saƙon da ya shafi aikin da mutum ke yi bai cika ɓata masa lokaci ba kamar wanda ba ruwansa da aikin. Kaga kenan ba ƙarar waya ce kaɗai matsala ba, wa ya turo kuma me ya turo shi ne magana. Kwastoma ya tambaye ni kuɗin katan ɗin taliya ina kan lissafin taliya, wannan bai fitar da ni daga kogin da nake ciki ba, amma gardamar Arsenal da Chelsea ta ɗauke ni ta kai wata duniya.

Yanzu ka ɗauki waya. Kaso na uku ka kashe musu sanarwa gaba ɗaya, hanya mafi sauƙi ita ce duk sanda wata ta faɗo ka danne ta da yatsa na ɗan lokaci, zaɓin kashewa zai fito, ka yi haka na kwana biyu za ka ga sun ƙare. Guruf na WhatsApp ka danne sunansa ka taɓa alamar yin shiru, zai ba ka awa 8 ko sati ɗaya ko har abada, ka zaɓi har abada kar ka ji kunya ba wanda zai sani, kuma idan wani ya ambaci sunanka ko ya amsa maganarka kai tsaye za ka gani duk da haka. Waɗanda ko ganinsu a jerin hira yana jan ka, ka tura su Archive, wato ma'ajiyar da ke ɓoye hira daga jerin. Kaso na ɗaya kuma ka shiga lambobinsu ka sa musu tauraro, ka shiga hirar kowannensu a WhatsApp ka ba shi sautinsa na daban wanda kunnenka zai gane ko wayar tana aljihu, sannan a Do Not Disturb, setin da ke hana waya ƙara, ka ce kiran masu tauraro ya wuce. Akwai wani zaɓi a ciki da nake ganin kowa ya kamata ya kunna, na mai sake kira, a Android idan mutum ya kira sau biyu cikin minti 15 kiran zai shigo, a iPhone cikin minti uku, don mai gaggawa na gaskiya baya kira sau ɗaya ya haƙura. Idan ka gama ka sa wani a gida ya kira ka a gwada, da layi da kuma WhatsApp, don wayoyi sun sha bamban kuma gara ka gano yanzu. Mai kasuwa ya bar alat ɗin banki a kunne, wannan ba sai an faɗa ba, duk da dai ko alat ya shigo ka buɗe manhaja ka tabbatar kafin ka miƙa kaya, wannan wata magana ce daban.

Mataki na uku gargaɗi ne, kar zafin nama ya sa ka kashe komai da komai. Ni na yi, kuma na sha. Satin farko da abin kuɗin nan ya faru na fusata na kashe duk wata sanarwa har ta WhatsApp, na ce sai na ga dama zan duba. Kwana huɗu ina jin daɗi, ran na biyar wani ƙanin kakanmu ya rasu da safe aka sa a guruf ɗin dangi za a yi jana'iza ƙarfe biyu, ni ban buɗe waya ba sai bayan la'asar, kowa ya ɗauka na gani don kullum ni ne farkon mai amsawa shi yasa ba wanda ya kira ni. Na je gaisuwa da magariba ina sunkuyar da kai, Hajiya ta kalle ni ta ce "au, ashe kana gari". A wajenmu mutuwa ba ta jiran ka gama aiki, sa'o'i kaɗan an kai mutum, duk Baturen da ke ba da shawarar a kashe waya kwana ɗaya bai san da wannan ba.

Amma ko a can ɗin ma binciken bai ce a kashe duka ba. Shi dai Pielot ɗin nan tare da Luz Rello sun roƙi mutum 30 su kashe sanarwa na awa 24, sakamakon ya fito a 2017, mutanen sun ce hankalinsu ya fi tattaruwa kuma sun fi yin aiki, amma sun shiga fargabar kar wani abu ya wuce su, sun ji kamar an yanke su daga jama'a, wasu ma sai suka riƙa buɗe wayar da kansu fiye da da. An gudu ba a tsira ba kenan. Wanda ya fi burge ni shi ne na Nicholas Fitz da Kostadin Kushlev da sauransu a 2019, mutum 237 ne a Indiya, aka raba su, wasu aka bar musu waya yadda take, wasu ana tara musu sanarwa a sako duk awa ɗaya, wasu sau uku a rana, wasu aka kashe musu baki ɗaya. Masu sau uku a rana su suka fi samun natsuwa da jin sun yi aiki da sauƙin damuwa, masu duk awa ɗaya kusan ba su da bambanci da waɗanda ba a taɓa musu komai ba, waɗanda aka kashe ma duka kuwa fargabarsu ce ta ƙaru.

Toh wannan shi ya kai mu mataki na huɗu, ka tsayar ma kaso na biyu lokaci. Su can sai da aka rubuta musu manhaja ta musamman, mu kuwa Allah ya hutar da mu don ranarmu a yanke take tun asali, akwai azahar akwai la'asar akwai isha'i. Ni yadda na yi, da safe bayan na buɗe shago na share kafin mutane su fara zuwa in zauna minti 20 in amsa na dare, sai bayan azahar, sai bayan la'asar, sai bayan isha'i, huɗu kenan ba uku ba don kasuwa ba ofis bace. Ba kafin salla ba fa, bayanta, idan ka buɗe WhatsApp kafin ka tada kabbara da gardamar guruf za ka shiga sahu. Tsakanin waɗannan lokutan WhatsApp ɗina baya ƙara baya girgiza baya faɗowa a sikirin sai na mutum biyar ɗin nan, sauran lambar da ke kan alamar manhajar ce kawai ke ƙaruwa. Mai iPhone yana da Scheduled Summary da ke tara sanarwar manhajoji ya kawo a lokacin da ka zaɓa, mai Android ya sa sanarwar ta zama marar sauti ya hana ta fitowa a sikirin ɗin kulle, ya isa.

Kar ka ce ai girgiza kawai na bari ba ƙara, duk ɗaya ne. A jami'ar jihar Florida a 2015 Cary Stothart da abokansa sun sa ɗalibai wani aiki mai buƙatar sa ido, suna cikin yi aka riƙa kiran wasu ana tura ma wasu tes ba su san daga masu binciken bane, ba su ɗauka ba ba su duba ba, amma kuskurensu ya ƙaru sosai. Jin ɗirin kawai ya isa ya sa zuciya ta tafi tambayar waye, me ya faru, ko kuɗin nan ne suka shigo.

Dalilin da ya sa bayan salla ke aiki kuwa akwai shi a bincike, duk da su ba salla suka duba ba. Masu nazarin abin sun daɗe da gano cewa katsewa a gaɓar aiki, wato ka gama abu ɗaya baka fara na gaba ba, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba akan katsewa a tsakiya. A Japan wani mai bincike na jami'ar Keio, Tadashi Okoshi, ya haɗa kai da Yahoo na Japan suka gwada a kan mutum sama da dubu 680, waya ta riƙe sanarwa sai ta lura mutum ya kai irin wannan gaɓar sannan ta sako, sai ga shi lokacin da mutane ke ɗauka kafin su duba ya ragu da kusan rabi. Abin dariya ko, an jinkirta saƙo amma an fi saurin kula shi. Tela ya gama hannun riga kafin ya ɗauki wuya, mai lissafi ya rufe shafi, ɗalibi ya kai ƙarshen babi, nan ne wajen duba waya.

Mataki na biyar shi ne wanda mutane ke tsallakewa kuma shi ne ke rusa komai, ka faɗa ma mutane. Wayar ba ita ke matsa maka ba, tunanin me wane zai ce ne. Tun da WhatsApp ya kawo shuɗin alamar nan guda biyu a Nuwamban 2014 aka shiga uku, "na ga ka karanta", "na gan ka onlayin", aure ma ya sha girgiza akan wannan. Kana iya kashe alamar da kuma lokacin da aka gan ka na ƙarshe a cikin Privacy, sai dai ka sani kai ma ba za ka ga na wasu ba, kuma a guruf shuɗin alamar ba ta kashuwa. Ni na kashe na ƙarshen na bar shuɗin, don a kasuwa kwastoma na son ya san an gani. Amma abinda ya fi setin aiki baki ne. Na samu kawu na ce "Kawu, daga yau in ina kan lissafi ko tura kuɗi ba zan duba saƙo ba, in da gaggawa a kira ni", ya ce "da ka yi haka tun farko ai da ba mu yi asarar barci ba". Na rubuta a guruf ɗin dangi cewa don Allah in rasuwa ce ko rashin lafiya a kira ni ko a yi min filashin sau biyu kar a dogara da guruf, mutum uku suka ce su ma haka suke so. Kwastomomi kuma na sa a bayanin WhatsApp Business cewa ana amsa saƙo da safe da bayan azahar da la'asar da isha'i, mai sauri ya kira.

Abin mamaki ba wanda ya yi fushi, ni ne dama nake ɗora ma kaina. Laura Giurge da Vanessa Bohns sun yi bincike a 2021 akan ma'aikata sama da dubu huɗu game da imel ɗin aiki da ake turowa bayan an tashi, suka ga wanda aka tura ma yana ɗauka ana jiran amsarsa da sauri fiye da yadda mai turowar ke nufi, kuma layi ɗaya tak na cewa ba gaggawa bane yana rage wannan nauyin. Imel suka duba ba WhatsApp ba, amma duk wanda oga ya taɓa tura ma saƙo ƙarfe goman dare ya san ciwon. Wannan kuma ya rage min ƙarya, don gaskiya da ina yi, "wallahi caji ne ya ƙare", "netwok ne", "yanzu na gani". Har suna masana suka ba irin wannan ƙaryar, Jeff Hancock da abokansa a jami'ar Cornell a 2009 suka kira ta ƙaryar mai tsaron ƙofa, irin yaron gidan da ake aikowa ya ce maigida baya nan alhali yana ciki yana shan fura. In mutane sun san lokacinka ba ka buƙatar yaron.

Kai ma in za ka tura ka tausaya. Kar ka turo "slm" ka yi shiru kana jira, sannan "ya gida", sannan "ya aiki", sannan "wata magana ce", ƙara huɗu kenan ba a zo kan magana ba. Ba cewa na yi a bar gaisuwa ba, Allah ya kiyaye, ka haɗa sallama da gaisuwa da buƙata a saƙo ɗaya ka ƙara da "ba sauri, duk sanda ka samu sarari". Saƙon murya na minti shida kuma a ji tsoron Allah.

Mataki na shida, duk dabararka sai an katse ka, to ya za ka koma. Akwai lambar da ke yawo a intanet wai sai minti 23 hankali ke dawowa, daga Gloria Mark ta jami'ar Kaliforniya da ke Irvine ta samo asali, amma mutane na juya ta. Ita da ɗalibanta sun zauna ne da agogo suna kallon ma'aikatan ofis, suka ga mutum na yin kamar minti 11 akan aiki ɗaya kafin ya koma wani, kuma in an katse shi yakan ɗauki minti ashirin da wani abu kafin ya dawo kan na farkon saboda sai ya biya ta wasu ayyuka kamar biyu a hanya. Ba wai ƙwaƙwalwa ta daskare bane, yawo ake tafiya. Shamsi Iqbal da Horvitz sun ga irin haka a 2007 da suka bi mutum 27 na sati biyu, amsa saƙon na cin kusan minti goma, sannan a ƙara goma zuwa sha biyar ana leƙe-leƙen wasu abubuwa kafin a koma. Don haka dokar da na sa ma kaina ita ce in Hajiya ta kira na amsa, ina ajiyewa in kife wayar, ba "bari in ɗan duba sitatus tunda tana hannu".

Sannan kafin ka amsa, in dai ba gobara bace, ka ɗauki daƙiƙa biyar ka bar ma kanka alama. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ce ta yi bayanin yadda wani ɓangare na hankali ke maƙalewa a aikin da ba a gama ba, daga baya ita da Theresa Glomb a 2018 suka nuna cewa ɗan rubuta inda ka tsaya da abinda za ka yi in ka dawo yana sakin hankalin. Ni biro nake ɗorawa a kan layin da nake in rubuta jimlar da na kai a gefe. In kuwa lambar akawun ce ko adadin kuɗi, ba na ci gaba daga inda na tsaya, gogewa nake in faro daga farko in karanta da baki kafin in danna. Ma'aikatan jinya su fi kowa kula da wannan, a wasu asibitoci biyu na Sidni a Ostireliya Johanna Westbrook ta bi nas 98 suna ba da magani, a 2010 ta ruwaito cewa kowace katsewa ɗaya na tafe da ƙarin kusan kashi 13 cikin ɗari na kuskure.

Wani abu da Mark ta gano a Jamus a 2008 ya dace a sani, waɗanda aka riƙa katsewa da waya ko saƙo sun ma fi saurin gama aikin, amma da gajiya da takaici da jin matsi suka biya. Shi yasa za ka ga ka yi komai na ranar amma ka koma gida kamar an yi maka duka, yaro ya yi magana kaɗan ka hau shi da faɗa.

Na bakwai, ka koma kan takardar nan ta ranar farko ka duba layukan da kai ka je da kanka. A binciken Mark kusan rabin katsewar mutum shi ke katse kansa ba wanda ya taɓa shi, kuma ta ce tsawon zaman ido akan abu ɗaya a sikirin ya sauko daga minti biyu da rabi a 2004 zuwa kamar daƙiƙa 47 a 'yan shekarun nan. Satin farko da ka yi shiru da waya hannunka zai riƙa zuwa aljihu shi kaɗai, har ka ji kamar ta yi girgiza alhali ba komai. Maganinsa nisa. Akwai binciken Adrian Ward na 2017 da ya ce ko ganin wayar a kan tebur na rage kaifin tunani, wasu da suka maimaita gwajin ba su samu haka ba don haka ba zan rantse akai ba, amma abinda na sani shi ne in tana cikin durowa sai na miƙa hannu na ja, kuma wannan ɗan jan ya isa in tambayi kaina me zan duba. Lokacin lissafin dare durowa take shiga, sautin mutum biyar ɗin nan ina ji ta cikin katako.

A kan hanya kuwa babu kaso na ɗaya ma. Cibiyar binciken sufuri ta jami'ar Virginia Tech a Amurka ta sa kyamara a manyan motoci, a 2009 ta ce direban da ke rubuta tes haɗarinsa ya ninka sau 23, idonsa na barin titi kusan daƙiƙa biyar. In kana tuƙa mota ko babur ko adaidaita ka faka ka amsa, ko Hajiya ce.

Bayan sati biyu ka sake buɗe Digital Wellbeing ka kwatanta da lambar farko, ka kuma tambayi mutanenka ko akwai abinda ya wuce ka. Ni da na yi na tarar na matse da yawa a waje ɗaya, direban da ke kawo mana kaya yana isowa bakin kasuwa ya turo saƙo ya yi ta jira da 'yan dako, sai na mayar da shi cikin masu tauraro suka zama shida, na kuma cire guruf ɗin dangi daga Archive na bar shi a shiru kawai don idona ya riƙa faɗawa kansa. Guruf ɗin 'yan ajinmu yana nan inda na tura shi, ranar Lahadi nake buɗewa in tarar da saƙo ɗari bakwai, in karanta goman ƙarshe in tura dariya in fita.